Matakala 272: Ranar da Na Raka Baffana Kogon Batu

Baffa ne ya fara hango shi. Muna cikin tasi a kan babbar hanyar da ta kewaye Kuala Lumpur ta arewa, za mu Gombak gaida wani ɗan garinmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci, sai na ji ya dafa kafaɗata daga kujerar baya.

"Kai, wancan fa? Mutum ne ko hasumiya?"

Ta tagar mota ana ganin wani dogon dutse da bishiyoyi suka lulluɓe, a gabansa kuma wani abu mai launin zinariya a tsaye, ya kere duk rufin da ke unguwar. Na ce masa gunkin Murugan ne, na mabiya addinin Hindu, a bakin Kogon Batu. Shekarata uku a Malesiya, na sha wucewa ta nan, ban taɓa tsayawa ba. Ya yi shiru har muka ba wurin baya. Sai da muka kusa sauka ya ce, "Da me suka yi shi?"

Duk wanda ya san Baffa ba zai yi mamakin tambayar ba. Ƙanin mahaifina ne, ya haura shekara 40 yana harkar gini a Kano. Daga lebura ya fara, ya zama birkila, har ya kai ga karɓar kwangila da kansa. Duba idonsa ya kawo shi, likita kuma ya ce ya dakata mako biyu kafin ya hau jirgi. Mutumin da ya saba wuni a tsaye cikin ƙurar siminti, zaman ɗaki ya ishe shi.

Da dare, bayan lisha, ya ce yana son ya je ya gani da idonsa. Na yi jim. Kalmar da muke da ita a Hausa ita ce gunki, kuma kowa ya san nauyinta a kunnen Musulmi. 'Yan jarida kan ce mutum-mutumi don su sassauta, amma ni ban ga amfanin canza wa abu suna don in samu damar zuwa kallonsa ba. Na faɗa masa abin da ke raina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ɗana, ba ziyarar ibada za mu ba. Ba mu rusuna wa komai, ba mu karɓi komai na tsafinsu, ba mu kuma yi wa kowa dariya. Gidansu ne. Mu shiga da mutunci, mu fito da mutunci, kuma azahar ta same mu a waje."

A kan waɗannan sharuɗɗa muka tsaya. Na kira wani abokin aikina na ɗakin gwaji, ɗan ƙabilar Tamil, wanda ya daɗe yana min tayin zuwa ina kaucewa. Ya yi murna sosai, ya ce mu yi sammako tun rana ba ta yi zafi ba, kuma kada mu riƙe leda a hannu. A lokacin ban gane dalilin ledar ba.

Daga Serdang, inda nake zaune, jirgin ƙasa na KTM Komuter muka hau. Layin ya ratsa tsakiyar birni ta tashoshin KL Sentral da Sentul, kuma tasharsa ta ƙarshe ita ce Batu Caves, don haka babu fargabar wuce wuri. Abu ɗaya da baƙo zai kiyaye shi ne taragon mata mai alamar ruwan hoda. Namiji ba ya shiga. Abokina ya tare mu a KL Sentral. Ya gaida Baffa da "Ankul", yadda ake kiran duk dattijo a can, Baffa ya amsa masa da "yaro, sannu da ƙoƙari", ni kuwa na zama tafinta tun daga nan har muka dawo.

Watan Janairu ne, saura kamar mako biyu a yi Thaipusam, bikin Murugan na shekara-shekara. Tun a cikin jirgi muka fara ganin iyalai cikin tufafi ruwan ɗorawa, wasu riƙe da ƙananan tulunan ƙarfe. Abokina ya ce masu cika alwashi ne da ba sa son turmutsitsin ranar biki, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane ke cika wurin, shi ya sa suke zuwa da wuri.

Da fitarka daga tasha, ba Murugan kake fara cin karo da shi ba. Wani koren gunki ne mai fuskar biri, Hanuman, tsawonsa mita 15, a bakin wani kogo dabam da ake biyan kuɗi a shiga. Baffa ya ɗan dube shi muka wuce. Muka bi ta gefen dutsen, tsakanin masu saƙa furanni da masu sayar da kwakwa da alawar Indiya, ƙamshin turaren tsinke ya cika ko'ina, har muka ɓullo wani fili mai faɗi cike da tantabaru.

A nan Baffa ya tsaya. Ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya ɗaga kai sama.

Hoto ba ya nuna girman abin. Tsawonsa mita 42.7 ne, wato ƙafa 140. Siffar saurayi ce, da kambi a kai da sarƙoƙi a wuya da ƙirji, hannun hagu a ƙugu, hannun dama riƙe da dogon mashi mai faɗin baki kamar ganye. Rana ta fara dukansa ta gefe, sai da na kare idona. Mutanen da ke tsaye a gindinsa ko yatsun ƙafarsa ba su kai ba, don a kan dakali mai tudu yake.

"Tambaye shi," in ji Baffa. "Ƙarfe ne suka narka?"

Abokina ya ce a'a, kankare ne da rodi. An yi shekara 3 ana aikinsa, masu sassaƙa 15 aka ɗauko daga Indiya, aka buɗe shi a watan Janairun 2006. Ya ci rodi tan 250, da kankare kubik mita 1,550, sannan fenti mai ruwan zinariya lita 300 da aka shigo da shi daga Tailan.

Baffa ya zaro ɗan littafin da ba ya rabo da aljihunsa, ya sa biro. Ina kallonsa yana lissafi a tsaye, leɓensa na motsi. Ya ce in an ba kowane hawa mita 3, wannan bene ne mai hawa 14. Rodin kuwa tirela 8 ce da ɗoriya. Siminti, a ƙiyasinsa, zai doshi buhu 10,000. Amma ba yawan kayan ne ya ɗaure masa kai ba.

"Bene miƙaƙƙe ne," ya ce da ni. "Ka kafa katako, ka ɗaure rodi, ka zuba, ka jira ya sha iska, ka hau na gaba. Wannan kuwa babu inda ya miƙe. Dubi gwiwar hannun nan da ta fito waje, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Dubi lanƙwasar zanen da ke ƙugunsa. Duk da hannu aka fitar da su, siminti na ɗanye, mutum na tsaye a kan dandamalin ƙarfe a sama, a garin da ruwa ke sauka kusan kullum. Kuma wanda ke gyara hanci ba ya ganin fuskar gaba ɗaya, sai dai ya sauko ƙasa ya duba ya sake hawa."

Na fassara wa abokina. Ya ce tun yana yaro yake zuwa wurin nan, bai taɓa tunanin yadda aka yi hancin ba.

Shi ne ya ba mu labarin mai gunkin, yadda suka yi imani da shi. Murugan ɗan Shiva ne da Parvati, ɗan'uwan Ganesha mai kan giwa, abin hawansa ɗawisu. Mashin nan sunansa vel, kuma a wurinsu uwarsa ce ta ba shi don ya yaƙi wani mugun aljani mai suna Surapadman. Ranar ba da mashin ake tunawa a bikin Thaipusam, a watan Thai na kalandarsu. Tamilawa suna ɗaukarsa nasu na musamman, kuma galibin wurarensa a kan duwatsu suke. Baffa ya saurara bai ce uffan ba, haka ni ma.

A gindin matakala akwai masu lura da sutura. Duk wadda tufarta ba ta rufe gwiwa ba, sai ta sayi zane ta ɗaura kafin ta hau. Mun ga Turawa mata suna kokawa da ɗaurin zane, wata dattijuwa tana gyara musu. Mu da doguwar riga da wando ba wanda ya tsayar da mu. Hawa babban kogon kyauta ne, babu tikiti.

Matakalar 272 ce, kuma a tsaye take sosai. A watan Agustan 2018 aka yi mata fenti kala-kala, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, kowane launi yana narkewa cikin na gaba. Tun daga lokacin hotonta ya cika intanet, har hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta yi ƙorafin cewa ba a nemi izininta ba. Baffa ya taka ta farko, ya auna tsayinta da idonsa, ya ce takun ya ɗan yi ƙunci, mu bi a hankali mu riƙe gefe. Muka shirya cewa duk inda aka yi wurin hutawa za mu tsaya.

Ba mu yi nisa ba na gane zancen leda. Birai ne ko'ina, masu dogon jela, a kan bangon matakala, wasu da 'ya'yansu maƙale a ciki. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. A gabanmu ɗaya ya diro ya fizge ledar wata mata, ya koma gefe ya yage ta, ya zaɓi ayaba ya watsar da furanni. Abokina ya ce kada mu haɗa ido da su, kada mu nuna musu haƙora, kuma gorar ruwa ta zauna cikin jaka. Baffa ya cire tabaraunsa ya sa a aljihu.

Wajen rabin hanya muka tsaya shan iska. Gumi ya jiƙe mu sharkaf, don zafin can mai laima ne, ba irin na gida mai busar da jiki ba. Baffa ya ce rabonsa da irin wannan hawa tun yana saurayi suna hawa Dala da yamma. Sai ya juya don ya jingina, ya ga bayan gunkin.

Daga nan muna daidai kafaɗunsa. Bayan ya fuskanci dutse, babu mai ganinsa daga fili, babu mai ɗaukarsa hoto. Baffa ya maida tabaraunsa ya daɗe yana dubawa. Igiyoyin sarƙar da ke gaba sun zagayo har baya an ƙulle su. Gashi da bayan kambi da ninkin zane, duk an fitar da su yadda aka fitar da na gaba, fentin ma bai ragu ba.

"Ka gani?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da za su iya shafe nan sumul, ba wanda zai tuhume su. Ni idan na je duba aikin yara, ba fuskar gida nake fara dubawa ba. Bangon lungu nake zagayawa."

Muna tsaye a nan wasu mata da miji suka zo wucewa. Sun ɗauko sandunan rake dogaye, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kafaɗa. A tsakiya an ɗaure ƙyalle ruwan ɗorawa kamar lilo, jariri na barci a ciki. Ƙafafunsu babu takalmi. An aske kan mijin ƙwal an shafa masa wani abu mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda abokina ya ce garin itacen sandal ne. Dangi na biye da su suna cewa "Vel, vel", matar tana haki, hawaye na zuba, ba ta kuma tsaya ba. Abokina ya ce yawanci waɗanda suka daɗe ba su samu haihuwa ba ne ke yin wannan alwashi: in an samu ɗa, za a hau da shi a haka.

Wani baƙo da ke sama da mu ya tsugunna a tsakiyar hanya yana neman ɗaukar su hoto. Baffa ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya yi masa alama ya matsa, shi ma ya manne da bango har suka wuce. Ban yarda da inda suka kai godiyarsu ba, kuma Baffa ya fi ni ƙin yarda. Amma a gidanmu akwai wadda ta yi shekara 11 tana jiran haihuwa, kuma mun san irin wannan kukan. Daga nan har sama babu wanda ya yi magana a cikinmu.

A saman matakala iska ta canja. Wani sanyi mai ɗanshi ya fito daga cikin dutse, da warin kashin jemage da na tantabara, gauraye da hayaƙin kafur. Na juya na kalli ƙasa: gunkin da ya cika mana ido ɗazu yanzu ƙeyarsa muke gani, birnin kuma ya shimfiɗu can nesa cikin hazo.

Sai kogon. Duk girman da na gani a waje, a nan ya zama ƙarami. Rufin ya yi sama kusan mita 100, duwatsu na reto daga can kamar an narkar da su sun daskare, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis a kan daɓe. Dutsen farar ƙasa ne, masana sun ce ya kai kimanin shekara miliyan 400, kuma ruwan sama ne ya yi ta cin cikinsa har ya rarake. Baffa ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai, na ji yana tasbihi a hankali. Littafinsa bai fito ba.

Ana sauka 'yan matakala a ratsa babban zauren, sannan a sake hawa wasu zuwa wani fili na ciki inda rufin ya rufta tun da daɗewa. Haske na zubowa daga sama, bishiyoyi sun leƙo ta bakin ramin, birai na bin bango. A nan da cikin zauren ne ɗakunan bautarsu suke, kuma a nan na ga abin da ban zata ba. Masu tulunan madara duk sun wuce babban gunkin zinariya ba su daɗe a gabansa ba. Inda suka dosa shi ne wani ƙaramin ɗaki, wurin wani gunki da bai kai tsayin mutum ba, wanda furanni suka kusa rufe shi. Nan suke miƙa madarar ga malamin bautarsu, mai ɗaure da farin zane, ana kaɗa ƙararrawa. Na tambayi abokina. Ya ce na waje shela ce ga duk mai wucewa a hanya. Ibada kuwa a nan sama take, kuma ta girmi na wajen da shekara fiye da 100.

Ya nuna mana bakin kogon daga ciki. Ya ce wani attajirin Tamil na Kuala Lumpur, K. Thamboosamy Pillai, shi ya ga bakin ya yi kama da kan mashin vel, ya kafa wurin bauta a ciki wajen 1890. Tun 1892 ake yin Thaipusam a nan. Kafin haka manoma 'yan Sin ne ke shigowa suna kwasar kashin jemage don taki. Matakalar katako ma sai a 1920 aka yi ta. Kafin nan da hannu da ƙafa ake hawan dutsen. Har yau a kowace shekara ana jawo keken azurfa daga haikalin Sri Mahamariamman da ke tsakiyar birni, a tako da shi cikin dare har zuwa nan.

Kakansa, in ji shi, yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya don tsagar roba a gandaye. Wasu aka sa su shimfiɗa layin dogo. Yau jikokinsu ba su wuce kashi 7 cikin 100 na mutanen Malesiya ba, a ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Ya ce ranar da aka buɗe gunkin yana ɗan makaranta, kakarsa ta sa aka kawo ta a keken guragu, ta ce yanzu duk wanda ya bi hanyar nan ya san suna ƙasar. Ya ƙara da cewa gunkin ya riƙe kambin mafi tsawo na Murugan a duniya har 2022, lokacin da aka buɗe wanda ya ɗan fi shi a kusa da Salem, a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Sannan ya ba Baffa wani labari da ya san zai ji daɗinsa: lokacin da ake gyaran ɗakunan cikin kogon, akan ajiye bulo da bokitan yashi a gindin matakala, a roƙi duk mai hawa ya ɗauki ɗaya. Baffa ya ce wannan ai gayya ce, kuma da haka aka gina masallacin unguwarsu.

Abokina ya cire takalmi ya shiga wurin bautarsu, mu muka tsaya daga baya inda ba a buƙatar cirewa. Da ya fito, malamin ya biyo layin mutane da faranti mai fitila da farin toka da suke shafawa a goshi. Ya iso kanmu ya miƙo. Baffa ya sa hannunsa na dama a ƙirji, ya girgiza kai a hankali. Mutumin ya dubi hularsa, ya gyaɗa kai, ya wuce na gaba. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma shi ne abin da na kwana ina fargaba.

Saukowa ta fi hawa wuya ga mai ciwon gwiwa. Na shiga gaba, Baffa ya dafa kafaɗata, muna sauka ɗaya-ɗaya, ga ayarin 'yan yawon buɗe ido da motocin safa suka fara saukewa suna ta hawowa. Ƙarfe 11 ta wuce kafin mu taka ƙasa. Muka sha ruwan kwakwa, sannan muka shiga ɗaya daga gidajen abincin da ke bakin filin. Ba a dafa nama a cikinsu sam, wanda ya sauƙaƙa mana. Aka kawo tosai da miyar wake da ta kwakwa. Baffa ya gutsura ya tauna, ya ce, "Wannan ai sinasir ne aka yi masa faɗi." Bai yi kuskure sosai ba, don ƙullun shinkafa ne da aka bari ya kwana ya yi tsami, sai dai su suna haɗawa da wani baƙin wake. Ya rantse shi zai biya, abokina ya rantse baƙo ba ya biya a garinsu, na sha wahalar fassara kafin Baffa ya haƙura.

Azahar a can tana shiga wajen ɗaya da minti ashirin a wannan watan. Muka yi sallama da abokina a KL Sentral, muka nemi ɗakin salla na tashar muka yi alwala muka ba da farali. Da muka koma jirgin Serdang ƙarfe 2 ta yi, wato 7 na safe a Kano, daidai lokacin da ma'aikata ke isa wurin aiki. Baffa ya karɓi wayata ya kira babban birkilansa. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, na ji ya ce:

"Gidan nan na Rijiyar Zaki, bangon baya da ke kallon kwata, kun yi masa filasta?"

Ya saurara.

"To a dakata da fentin gaba. A fara da can, ina nan tafe ranar Laraba."